Kwalin Barto A Falonmu

Kafin ku fara yi min faɗa a wurin sharhi, ku bari in ba ku labarin tun daga tushe, don na san halin wasunku, musamman ku 'yan matan Zonkwa da ba kwa bari mutum ya kai aya. Ni ce dai Yemima Ezekiyel, 'yar Kafanchan, mai shagon buga takardu a jikin gidanmu, can kusa da layin dogo. Idan an taɓa miƙa muku takardar tsarin biki ko ta jana'iza a wani coci a garin nan kuka duba babu kuskuren suna ko ɗaya, to da wuya in ba hannuna ba ne. Shekarata ashirin da bakwai, ba aure, kuma a wurin Mamana wannan zunubi ne da ya kamata in fito gaban ikilisiya in tuba.

Kwamfutar da nake aiki da ita na sa mata suna Kaka. Ta tebur ce, akwati a ƙasa allo a sama, Baba ya saye ta hannu na biyu shekarar da ya bar aikin jirgin ƙasa. Idan na kunna ta da safe sai in share shago, in ɗebo ruwa, in sha kunu, in dawo in same ta tana shawarar ko za ta tashi. Fankar cikinta kuwa, maƙwabta sun sha zaton markaɗe muke yi. Amma duk aikina na shekara tara a cikinta yake. Duk wanda ya yi aure ko ya rasu a unguwarmu, Kaka ta san sunansa da waƙar da aka rera masa.

Ranar Litinin ina kan babban aiki. Zumuntar Mata na cocinmu za su yi taron shekara ranar Lahadi, littafin tsari mai shafi ashirin da huɗu, da waƙoƙi, da sunayen shugabanni, da hotunan da kowace mace ta dage sai an sa nata inda ta fi haske. Mama ce sakatariyarsu, ita ta kawo min aikin, ta kuma bugi ƙirji a gaban mata cewa ranar Juma'a da yamma za su zo gidanmu su ga komai a shirye. Ina shafi na goma sha tara sai na ji ƙas, ƙas, ƙas daga cikin akwatin. Allo ya yi shuɗi, ya yi baƙi, Kaka ta ce ga garinku nan.

Na kashe na kunna. Na cire waya na mayar. Na ɗan bubbuge ta a gefe, har addu'a na yi mata, kada ku yi dariya. Ko gezau.

Mama ta leƙo daga ƙofar da ta haɗa shagon da falo, da ludayi a hannu.

"Ya mutu ko?"

"Mama, suma ta yi."

"Na gaya miki ba? Tun bara na ce abin nan ya tsufa. Ki kira Barto."

To ga Barto, ga waɗanda yau suka fara bin labarina. Bartholomew ɗan cocinmu ne, yana Abuja yana dillancin filaye, mota fara, turare mai riga shi shigowa ɗaki. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Matsalarsa ɗaya, idan ya yi miki tambaya shi yake ba kansa amsa. Sau uku muka taɓa zama, a na biyun ya riga ya zaɓi inda za mu je ɗaukar hotunan kafin aure a Kajuru da kalar kayan da zan sa, alhali ban ce masa ko uffan ba. Mama tana son sa kamar ta goya shi.

"Ba Barto zan kira ba," na ce. "Silvanus zan kai wa."

Mama ta taɓe baki ta koma kicin. Ashe wayarta ta je ɗauka, ni ban sani ba.

Silvanus kuma shi ne mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Dogo, siriri, kullum da 'yar sukurdireba a aljihun riga, magana kuma sai an ja ta daga bakinsa. Shekara biyu ke nan yana duba min Kaka. Wani lokaci lafiyarta ƙalau zai biyo da yamma ya ce ya zo ya ji ƙarar fanka, ya ajiye min gasasshiyar masara a kan tebur, ya tsaya yana karanta kalandar bango kamar za a yi masa jarrabawa a kanta, ya tafi. Bai taɓa cewa yana sona ba. Ni kuwa ina son sa, kuma yau na rubuta shi a fili, wanda zai kai wa Mama ya kai.

Talata da safe na sa doguwar rigata ta atamfa mai ruwan ganye, wadda ya taɓa cewa ta yi kyau yana kallon ƙasa. Na rungumi Kaka a kan mashin har shagonsa.

Ya kwance murfin, ya leƙa. Sai ya sa yatsa biyu ya zaro wani ɗan farin abu ya ɗora a tafin hannunsa.

"Madam Mima, kin san kina kiwo?"

"Mene ne wannan?"

"Ƙwan tsaka. Akwai uku a bayan fanka."

Sa'adiya, ƙawata mai sayar da zare da maɓalli a shagon gefe, ta riga ta jingina da ƙofa tana dariya har da riƙe ciki.

"Ku dai ba ku gajiya," ta ce. "Shekara biyu ana gyaran kwamfuta ɗaya. Silvanus, ko dai ba kwamfutar ce ke da ciwon ba?"

Ya yi kamar bai ji ba, amma ya kasa mayar da sukurdirebar cikin aljihu sai a karo na biyu. Ya hure ƙura, ya jona wayoyi, ya kasa kunne a jikin akwatin yana sauraren ƙas ƙas ɗin nan.

"Had dis ne ya gaji," ya ce. "Shi ne rumbun da kike ajiye aiki. Sauran jiki lafiya. Amma ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, giga biyu kacal, Mima? A wannan zamani? Kina wahalar da tsohuwar nan, no be small."

"Aikina fa? Littafin Zumunta yana ciki."

"Zan lallaɓa shi in kwashe abin da zan iya kafin ya cika gaba ɗaya. Ban yi miki alkawari ba, amma zan gwada."

"To ka gaya min gaskiya. In sayi sabuwa ne?"

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"In kina da hali, sabuwa daɗi ne, ba zan hana ki ba. Amma wannan, in an cire had dis aka sa mata SSD, shi sabon irin rumbu ne mai sauri, aka ƙara ram ya kai takwas, aka canja ɗan batirin ciki, za ta yi miki shekara uku ko huɗu ba ki da matsala. Aikin bugu ne kawai kike yi, ba fim ba. Zan aika Jos, direba ya kawo kaya jibi."

Na ce a yi hakan. Na koma gida zuciyata wasai, ina ta murmushi ni kaɗai a bayan ɗan acaɓa.

Ina shiga falo murmushin ya tsaya. A kan teburin tsakiya, inda Baba ke ajiye rediyonsa, ga wani ƙaton kwali da hoton kwamfuta a jiki, an ɗaure shi da jan ribon, an liƙa kati. A gefensa galan na manja, ƙunshin gishiri, da turmin atamfa. Mama tana zaune baki har kunne. Baba yana kujerarsa ƙarƙashin hotonsa na kayan aikin jirgi, ya sha kunu.

"Anti Paulina ya zo," in ji Mama. "Ƙanwar baban Barto. Yanzu-yanzu ya tafi. Kin ga Allah? Jiya kawai na gaya masa, yau kaya ya iso daga Abuja."

Nan na sha jinin jikina. Ku da ba 'yan wajenmu ba, bari in yi muku bayani. A danginmu, idan saurayi ya ba ki kyauta hannu da hannu, kyauta ce, ki ci ki goge baki. Amma idan ya aiko babbar mace daga gidansu ta shigo ta ƙofar gaba da manja da gishiri, to tambaya ce ake yi wa gida. Idan ba a so, a mayar da kayan yadda suka zo, ba a taɓa ba, ba wanda zai ji haushi, a ci gaba da gaisawa a coci. Idan kuwa aka kwance, an amsa ke nan. Daga nan sai maganar ranar gabatarwa, kuma wanda ya janye bayan haka ya kunyata gida biyu.

Barto ya san wannan. Mama ta fi shi sani.

"Baba," na ce, "ni ban ce ina so ba."

Baba ya cire tabarau ya naɗe.

"Ba wanda ya ce kin ce. Kwali yana nan a rufe. Na gaya wa Paulina za mu ba da amsa ranar Asabar. In kin buɗe, kin buɗe. In ba ki buɗe ba, ni da kaina zan ɗauka in kai. Catherine, kin ji ni ba? Kada kowa ya taɓa."

"Ni na ce zan taɓa?" in ji Mama, tana gyara ribon ɗin.

Ban kai ɗakina ba waya ta fara ƙara, saƙo na bin saƙo. Barto ne.

"Baby, kin ga saƙo?"

"Sabuwa ce fil, ba tokumbo ba. Ram sha shida."

"Kin ji daɗi ko? Na san kin ji daɗi."

"Ki jefar da waccan gwangwanin."

Na rubuta, "Na gode, amma ya kamata mu yi magana." Ya turo min hoton zuciya guda biyar da hoton kansa a cikin mota. Na sake rubutawa, "Barto, da gaske nake." Ya ce, "Ni ma da gaske nake, Baby," ya sauka daga layi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwalin nan ya jarabce ni. Laraba na zauna a shago ba aiki, mutum uku suka zo da takardu na mayar da su. Na shiga falo shan ruwa ya fi sau goma, kuma kowane zuwa sai na karanta rubutun jikin kwalin. Allo faffaɗa. Kibod marar waya. Ni da harafin "a" na kibod ɗina ya goge tun zamanin korona, sai dai yatsa ya san wurin. Na tsaya ina shafa salatif ɗin bakin kwalin da farce, sai na ji tarin Mama a bayana.

Ta riga ta shimfiɗa masa farin leshi, irin wanda take rufe talabijin da shi ranar Kirsimeti.

"Buɗe mana. Yana cizo ne?"

"Mama, kin san abin da buɗewa take nufi."

"Na sani. Me ke damun Barto? Yana sha? Yana duka? Yana zuwa coci, yana ba da zakka, ya gina wa uwarsa gida a Takau."

"Ba ya ji in na yi magana."

"Babanki yana ji? Shekara talatin da ɗaya ina magana." Ta zauna a hannun kujera, muryarta ta sauka. "Ki duba gidan nan, Yemima. Fanka, gyara. Rediyo, gyara. Firji, gyara, sai an ɗaure ƙofa da roba. Kujera nan da na zauna, babanki ya buga masa ƙusa sau nawa? Na auri mai gyara, ban ce mugu ne ba. Amma tunda na shigo gidan nan ban taɓa yage leda na sabon abu da hannuna ba. Yanzu kin je kin samo wani mai sukurdireba. Ina so 'yata ya taɓa sabon abu, laifi ne?"

Maganar ta shige ni. Na tausaya mata ƙwarai, har na ji kamar in rungume ta. Amma tausayi daban, aure daban, kuma na gaya mata ranar Asabar kwalin zai koma. Ta ce, "To," ta tashi. Ya kamata wannan "to" ɗin ta tsorata ni, don Mamana ba ta taɓa barin gardama da kalma ɗaya ba.

Ga laifina na farko, ku rubuta. Ban gaya wa Silvanus komai ba. Sa'adiya ta kira ni ta ce, "Ke, gaya masa, garin nan ba a ɓoye magana." Na ce mata me zan ɗaga masa hankali a kai, kwalin da ranar Asabar zai koma inda ya fito? Ta ce, "Ni dai na faɗa miki."

Alhamis da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Kaya sun iso."

Bayan awa biyu wani ya biyo.

"Na kwaso duka. Har shafi 19."

Na zauna a bakin gado na yi kuka, na farin ciki. Na rubuta masa godiya mai tsawo, na goge, na sake rubutawa, na goge, daga ƙarshe na tura "Allah ya saka." Ya amsa, "Amin. Ki zo da safe ki gani."

Juma'a Baba ya fita tun da sassafe zuwa gonar cittarsa ta wajen Kagoro, ya ce sai yamma liƙis. Ni kuma na sa siket baƙi da farar riga, na ɗaura ɗankwali, na fesa turaren da nake ɓoyewa don Lahadi, na nufi kasuwa.

Kaka tana kan teburinsa, an goge ta tas, har ƙurar da ta toshe ramukan iska ta tafi. Ya ce in danna da kaina. Na danna, na juya zan ja kujera in zauna jira kamar yadda na saba, sai ya ce, "Ina za ki? Ta tashi."

Na juyo. Ga allo a buɗe, ga fayilolina a jere, ba ƙara ko kaɗan.

"Silvanus, ka canja min ita ne?"

"Ita ce. Ki duba tabon kyandir a saman akwatin."

A nan shagonsa na zauna na ƙarasa shafi biyar da suka rage. Hoton da a da sai na ƙirga ashirin kafin ya buɗe, yanzu kafin in ɗaga yatsa ya fito. Ya sayo mana gwaten acca a kwano ɗaya da cokali biyu, Sa'adiya tana leƙowa tana tafa hannu ba sauti. Ya nuna min tsohon had dis ɗin a cikin leda, ya ce kwana biyu yana lallaɓa shi, yana kwafa kaɗan ya bar shi ya huce, ya sake kwafa. Ya ba ni wani kibod da ya ce yana ajiye ba amfani, alhali ga ledarsa sabuwa a kwandon shara ina gani.

Da muka gama, yana naɗe wayoyi, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Mima, in taron nan ya wuce, akwai magana da nake so in kawo wa Baba. In kin yarda."

Na juyo na dube shi.

"Maganar me?"

"Ba ta kwamfuta ba."

Shekara biyu nake jiran wannan. Na ce, "Baba yana gida kullum da yamma," ina wasa da bakin ɗankwalina kamar 'yar sakandare. A nan ya kamata in ce masa, af, akwai wani kwali a falonmu, ga yadda aka yi, gobe zai koma. Kalma nawa ce? Amma lokacin ya yi min daɗi, ban so in saka sunan Barto a cikinsa ba. Wannan shi ne laifina na biyu.

Ƙarfe huɗu saura muka hau mashin ɗinsa, akwatin Kaka a tsakaninmu, ni na riƙe ta ta baya. Tun daga kwanar layinmu na fara jin waƙa da kiɗan tulu. Na ce a raina matan Zumunta sun iso da wuri, bari in yi sauri in jona in nuna musu littafinsu. Silvanus ya ɗauki akwatin a kafaɗa, na buɗe masa shago. Bai kai ga saukewa ba ƙofar falo ta buɗe.

"Yawwa, Allah ya kawo mai gyara," in ji Mama. Tana cikin zanen Zumunta da farar riga, fuska sai ƙyalli. "Silvanus, shigo, shigo. Aiki ya same ka."

Ya bi ta da Kaka a kafaɗa, na bi shi a baya.

Mata sun kai goma sha biyar, duk cikin zane iri ɗaya, wasu a kujera wasu a tabarma. Kwalin yana ƙasa, baki a wangale, jan ribon a wuyan wata tsohuwa. Sabuwar kwamfutar tana kan teburi a kan farin leshi, baƙa wuluk, ledojinta a tare a cinyar Mama. Mama Fasto, matar limaminmu, tana tsaye da Littafi Mai Tsarki a hannu. A kujerar Baba kuwa Anti Paulina ce zaune, ta ɗaga waya tana ɗaukar komai.

"Mama," na ce.

Mama Fasto ta kamo hannuna da murna. "'Yata, mun taya ki murna. Mun zo duba littafi, muka ga kwali, uwarki ta ce sabon kwamfuta ne Ubangiji ya bayar a daidai lokaci. Na ce a'a, ba a fara aiki da sabon abu ba a miƙa shi ga Allah ba. Kuma ba a ɗora hannu a kan kwali, sai a kan abin da kansa. Mun yi addu'a, mun keɓe shi."

Ita ba 'yar wajenmu ba ce, daga Filato aka kawo su bara, ba ta san me ta kwance ba. Amma sauran matan sun sani sarai, shi ya sa kowace take min wannan kallon. Na dubi Mama, ta ɗauke kai tana ninke leda.

"To ya za mu hana Mama Fasto addu'a?" ta ce wa ledar.

"Saurayi, ajiye wannan tsohon," in ji Anti Paulina, tana nuna Silvanus da haɓa. "Haɗa mana sabon mu gani, zan tura wa ɗana bidiyo. Shi ya aiko wa amaryarsa daga Abuja."

Silvanus ya sauke Kaka a hankali kusa da ƙofa. Katin yana nan liƙe a jikin kwalin, daidai ƙafarsa, da manyan haruffa: ZUWA GA MATATA TA GOBE. Na ga idonsa ya tsaya a kai. Ya dubi galan ɗin manja da gishirin da ke jingine a bango. Shi ɗan ƙasar nan ne, ba ya bukatar a fassara masa.

"Tun yaushe ya zo?" ya tambaya, murya ƙasa.

"Tun Talata," in ji Mama.

Ya gyaɗa kai. Bai kalle ni ba. Ya durƙusa ya nemi soket a bayan kujera, ya jona allo, ya sa batir a kibod, ya warware wayoyi ɗaya bayan ɗaya ya jera su yadda yake yi wa tawa. Ranar da nake roƙon a ɗauke wuta, ranar wuta ta zauna daram. Allon ya kawo haske, mata suka tafa. Ya danna nan, ya danna can, ya zaɓi ƙasa da lokaci, har kwamfutar ta kawo wurin da take tambayar sunan mai ita.

"Tana son suna," ya ce.

"Sa Misis Yemima Bartholomew," in ji Anti Paulina, ta matso da wayarta.

Ya ɗora yatsunsa a kan kibod, bai danna ba. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, a gaban uwata da matar fasto da mata goma sha biyar, mutumin da shekara biyu ba ya iya haɗa ido da ni.

"Yemima, ke nake tambaya. Wane suna zan rubuta?"

Ku da kuka san ni kun san bakina ba ya mutuwa. Na yi gardama da direbobin tasha, na yi da dattawan coci a kan rubutun sunayensu. Amsar tana bakina, kalma huɗu kacal: kada ka rubuta komai. Amma na ga Mama Fasto tana murmushi da zuciya ɗaya. Na ga wayar Anti Paulina a saitin fuskata. Na ga Mamana ta ƙanƙame ledar nan a cinya da hannu biyu, idonta ya ciko, tana roƙona ba da baki ba kada in tozarta ta a gaban matan da take zama da su kowace Talata. Na ce a raina bari su watse tukuna, bari Baba ya dawo, zan gyara komai daga baya.

Na sunkuyar da kai.

Ya jira ni. Wallahi ya jira, har wata a baya ta ce, "Kunya ne, amarya ne." Sannan na ji ƙarar kibod, harafi bayan harafi, ba gaggawa. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya rusuna wa Mama.

"An gama, Mama. Allah ya sa albarka."

Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya kaɗan, ya nuna Kaka da ke ƙasa bakin ƙofa.

"Littafin yana kan allo, in kin kunna za ki gani. Kada ki bar ta a ƙasa, ƙura."

Ya fita. Sabuwar kwamfutar ta gama shirinta, ta gaishe ni da sunan da ba nawa ba, manya-manya, kowa yana gani. Mata suka rangaɗa guɗa, tulu ya ɗauka, wata ta jawo ni tsakiya tana ɗaura min jan ribon a hannu. Ni kuwa duk cikin hayaniyar nan abu ɗaya nake ji, ƙarar mashin ɗinsa yana fita daga layinmu.